Aikin Dare a Asokoro

Ƙarfe biyu saura kwata.
Janareta na gurnani a bayan bene,
shayina ya huce tun ɗazu,
kunnuwana kuwa suna Kubwa,
ƙarƙashin matashin wani mutum da bai san da ni ba.

Sallau sunansa. Tela ne.
A fayil muna ce masa Lamba Arba'in da Ɗaya.
Saƙo muka aika masa wata Talata,
wai ya ci kyautar katin waya.
Ya danna, ya yi hamdala,
muka shiga ba sallama.

Yau kwana goma sha tara.
Na san bashin yadi da ake binsa a Wuse,
na san ƙwayar da yake haɗiya a ɓoye
don kada hankalin matarsa ya tashi,
na san yana lallashin 'yarsa da wata murya mara daɗi
har barci ya ɗauke su tare.
Zancen bam dai ban ji ba.
Abin da ya jawo masa:
lambarsa ta fito sau uku a wayar wani
da ya kawo ɗinkin kaftani, bai dawo karɓa ba.

Oga Bitrus da sikeli yake yawo.
"Ɗora sirrin tela a nan," in ji shi,
"ɗora tashar mota a can,
safiyar Litinin, cike da 'yan makaranta.
Wanne ya rinjaya?"
Ba na ja da shi.
Ya taɓa tsintar takalma a inda wuta ta tashi,
ƙafa ɗaya ɗaya.
Bara ma, da wannan kunnen nawa
aka tare wata mota kafin ta kai kasuwa.
Na yi kukan murna a banɗaki.

Sai dai babana, Allah ya jiƙansa, bai san sikeli ba.
Ko gidan ƙanensa, sallama uku yake yi,
in shiru, ya juya da sandarsa.
Ya ce katanga ba don ɓarawo kaɗai ake gina ta ba,
sutura ce.
Bai taɓa cewa "sai fa in da riba" ba.

Nanret, ta teburin kusa da taga,
ta ce, "Ke dai Tabawa da saka wa rai damuwa.
Ga takardar alƙali, ga hatimi.
Jama'a ne suka ba mu amana."
Na duba kwanan watan.
Takardar ta iso mun riga mun kwana takwas a ɗakin mutum.
Ban kuma tuna ranar da aka tara jama'ar
aka tambaye su ba.

Wannan duk da sauƙi.
Shekaranjiya na koma gida Lugbe,
na ji ɗana yana waya a ɗaki, murya ƙasa ƙasa.
Sai ga ni na cire takalmi,
na manna kafaɗa a jikin ƙofa,
numfashi a riƙe.
Ba wanda ya ba ni wannan umarni.
In zan yi magana da maigidana kuwa,
sai na kai wayata kicin,
na kife ta da tukunya.

Ga takarda a gabana, layi biyu:
a ci gaba, ko a rufe.
In na rufe, gobe wani abu ya tashi, da wane ido?
In na ci gaba, har yaushe,
kuma wa ke sauraren mai saurare?
Biro ya yi zufa a hannuna.

Can a Kubwa gado ya motsa.
Sallau ya farka, ya laluba buta,
ya yi atishawa, ya ce alhamdu lillahi.

Kafin in ankara,
ni kaɗai a ofis, cikin sanyin na'ura,
na amsa masa.